Tsohon Labarin Hanyar Kamarawa

Hayaƙin janareta ne ya cika shagon ran nan, da warin albasar da ake saukewa a bakin titi. Shagon na yayana ne, ɗan kawuna, mai fataucin gero a Sabon Birni. Yana da shafi a intanet inda yake rubuta wa 'yan kasuwa labarin farashi da hanyoyi. Ni na gina masa shi, da kwamfutar da ya ara mini bayan na gama makaranta. A cikinta nake ajiye waƙoƙina, ba ni da su a wani wuri.

Aikin ya shiga raina. Kowane rubutu yana ajiye da kayansa, take da hoto da kwanan wata, ni kuma na rubuta layukan da ke kiran kowanne ya zauna a gurbinsa. Ji nake kamar ina jeren kwanuka a ɗakin amarya.

Ya shigo ko sallama babu.

"Ke! Mi kinka yi wa shafina?"

"Yaya, lafiya?"

"Ina lafiya? Direbobi sun ga labari da kwanan watan jiya, wai hanyar Kamarawa garau take. Sun yi lodi sun tafi, ga mota can ta kafe cikin laka, ruwa na dukan gero. Labarin rani ne wannan!"

Na duba. Kowane rubutu kwanan wata biyu gare shi, ranar da aka wallafa da ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe. Na biyun shafin ke ɗaukowa, don shi da kansa ya ce in ya sauya farashi yana so rubutun ya hau sama a ga sabo ne.

"Yaya, wani ya taɓa tsohon rubutun jiya."

"To, aljani ne? Ke da kike zaune kina kallon gajimare! Rufe kwamfutar ki ba ni. Garin Isa za ni kai ta, wurin masu hankali."

Na ce layi ɗaya ne, ya bari in gyara. Na ce ko waƙoƙina ya bari in kwashe. Ya zare wayar caji da hannunsa, ya naɗe. A Isa aka goge komai.

Sai bayan na yi aure matarsa ta gaya mini cewa wani tsohon direba da aka ambata a rubutun ya rasu a makon da abin ya faru. Yaya ne ya koma ya ƙara "marigayi" a gaban sunansa, kamar yadda yake yi wa duk wanda ya rasu.