Yadda Na Raba Gardamar Dogo da Bahago

Ko tsufa zai share min komai daga kai, ina jin zai bar min satin da aka haifi jikana na fari. A satin ne ni, 'yar Maradi mai kitso a birnin Greensboro na jihar Karolina, wadda ko ƙwallon ƙafa tamu ta duniya ba ta kallo, aka naɗa ni alƙaliya a kan wasu 'yan ƙwallon Ostireliya guda biyu da suka yi zamaninsu tun ba a haifi uwata ba. Har gobe in na tuna sai na yi dariya, wani lokacin kuma dariyar ta ƙare da share ido.

'Yata ta fari nas ce, ta auri wani Bature ɗan Ostireliya da aiki ya kawo garin nan. Ya musulunta tun kafin su haɗu, yaro mai ladabi, Mama yake ce min, tuwo kuma da hannu yake ci. Aibinsa ɗaya ne, bakinsa bai iya cewa a'a ba. Suna zaune a Summerfield, can inda dawaki suka kusa fin mutane yawa. Da ta haifi namiji, maganar suna ba ta ba mu wahala ba, sunan maigidana Alhaji za a sa. Sai dai a ƙasar nan yaro yana da suna na tsakiya, surukin nawa kuma ya roƙi a bar masa wannan ya ɗauko daga danginsa. Alhaji ya ce ba laifi, ai yaro ba na gida ɗaya ba ne.

Iyayen surukin nawa suka taso tun daga can ƙarshen duniya don suna. Uban, wanda muke ce wa Dattijo, dogo ne mai jar fuska, in ya yi dariya har maƙwabta sai sun ji. Uwar kuwa, Madam, 'yar gajera ce mai kaifin baki, ina ganinta na san mun dace, don ni ma ba a bar ni a baya ba. Na daɗe ina jin Turanci a shagon kitso, amma nasu kamar suna tauna shi ne kafin ya fito, sai an maimaita min nake kamawa.

Ana cikin murna, ina kicin ɗin 'yata ina dama wa maijego kunun kanwa, sai Madam ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar rigar sanyi da ta saƙa da hannunta, baƙi da ja, an rubuta suna a ƙirji. Ta ce sunan kakanta ne, tunda shi za a sa wa yaro. Dattijo ya ajiye kofin shayi a hankali, ya tashi ya shiga ɗaki, ya dawo da tasa 'yar rigar, shuɗi da fari, da wani sunan daban. Ashe surukina ya yi wa uwarsa alkawari a waya, ya kuma yi wa ubansa, kowa a ɓoye, yana fatan mace za a haifa. Ya ɗebo ruwan dafa kansa ke nan. Ina juyowa na ga ƙeyarsa, wai zai je gareji ya duba iskar taya.

A nan na fara jin labarin. Kakan Dattijo da kakan Madam duk manyan 'yan wasa ne a farkon zamanin wata ƙwallo da ake yi a ƙasarsu, a kulob biyu da ba sa ga maciji da juna. Da 'yata ta nuna min wasan a waya na ce wannan ai kokawa ce aka sa mata ƙwallo a tsakiya. Ƙwallon kamar gwanda, ana kama ta da hannu, a naushe ta, a buga da ƙafa. Sanduna huɗu a kowane ƙarshen fili, babu mai tsaron gida. Mutum ya taka gadon bayan ɗan'uwansa ya yi sama ya cafe ƙwallo, maimakon a kira polis sai a yi masa tafi. Sunayen kakannin sun ƙi zama a bakina, sai na raɗa musu nawa. Na Dattijo ya zama Dogo, na Madam kuma, da yake da ƙafar hagu yake bugu, ya zama Bahago.

Surukina ya ce tun yana yaro iyayensa ke wannan musu, a kan tebur, a mota, har a gidan makoki. Amma wannan karon abin ya wuce musu. Madam ta ce Dogo ya tsufa a fili bai taɓa ɗaga kofi ba. Dattijo ya ce Bahago ɗan gudun hijira ne da ya bar kulob ɗinsa na fari don an ba shi aiki mai tsoka. Allura ta tono garma, har aka taɓo abin da uwar wannan ta faɗa ranar aurensu. Kafin la'asar Dattijo ya ja akwatinsa ya kama ɗaki a wani otal a cikin gari, ya ce in sunan Bahago za a sa, to a yi suna ba da shi ba. Madam ta ce Allah ya raka taki gona.

Na shiga ɗaki na tarar da 'yata tana shayar da yaro tana hawaye. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yarinya ko ɗinki bai warke ba, an gayyaci jama'ar masallaci, an gayyaci 'yan aikinsu, a ce kakan yaro yana gari ya ƙi zuwa? Me za mu faɗa wa mutane, ƙwallo ce ta hana shi? Na so in je otal ɗin nan in wanke Dattijo tas, Alhaji ya riƙe ni. Ya ce faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa, in bar masa Dattijo, ni in ji da Madam.

Washegari Alhaji ya je da tasinsa ya ce wa Dattijo a al'adarmu ba a sayen ragon suna sai kaka na wajen uba ya gani ya amince. Allah ya yafe wa Alhaji, ni dai ban taɓa jin wannan al'ada ba. Suka je wata gona bayan gari, Dattijo ya shafa raguna ya zaɓi mafi tsawo, daga nan Alhaji ya ce su biya gida su ci abinci. Gidanmu kuwa wani ɗan bene ne a bayan Gate City Boulevard, falonsa bai fi a miƙe ƙafa ba. Suna shigowa suka tarar da Madam a zaune a ƙasa, ɗaure da zanena, hannu duk fulawa tana yanka min cincin. Ba hanyar gudu, don Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa yana ta cire takalmi kamar ba zai gama ba.

Sai da suka ci dambun shinkafa da zogale, yaji ya sa su hawaye tare, sannan Madam ta nuna ni da cokali. Ta ce ga wadda ba ta da kulob, ba ta san kowa ba, a faɗa mata komai ta yanke hukunci. Dattijo ya ce ya yarda. Na gyara ɗaurin ɗankwali na zauna a kujerar Alhaji.

Dattijo ya fara. Ya ce Dogo ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa, ya sauke buhuna da safe, ya shiga fili da rana. Kulob ɗaya ya yi wa wasa tun yana saurayi har furfura ta fito masa. Ya riƙe kyaftin a shekarun da kulob ɗin ba shi da komai sai shan kashi, manyan kulob suka yi ta zawarcinsa ya ƙi. Ba a taɓa kama shi ya kai wa wani naushi ba, a zamanin da naushi kamar gaisuwa ne a fili. In ƙwallo ta tashi sama kuwa, tasa ce.

Madam ta karɓa. Ta ce Bahago tela ne, ɗan ƙarami, in ka gan shi a hanya ba za ka ba shi ajiyar akuya ba. Wasansa bai daɗe ba, amma a ɗan lokacin nan ya ɗaga kofi har sau biyu, mutane suna rufe shaguna don su je su ga ƙafarsa ta hagu. Yana kan ganiyarsa aka yi yaƙin duniya na farko, ya tafi, ya dawo da ƙafar nan a lalace, bai sake shiga fili ba. Ta ce a auna abin da ya yi, a kuma auna abin da yaƙi ya cinye.

Gaskiya kaina ya ɗaure. Ta ina za ka haɗa wanda ya daɗe bai ci kofi ba da wanda ya ci kofi bai daɗe ba? Ga shi ba wanda ya taɓa ganin wasansu a cikinmu, lokacin ba bidiyo, sai abin da kowa ya ji a bakin iyayensa. Sai na tuna babana, Allah ya jiƙansa, wanda in ana kokawa a rediyo ko abinci ba ya ci. Na ce kowa ya ba ni labari ɗaya tak, wanda ya fi kowanne, irin wanda ake ba yara a gidansu.

Dattijo har da miƙewa. Ya ce wata rana ana ruwa, fili ya zama taɓo, Dogo ya taka kafaɗar wani ya yi sama har sai da 'yan kallo suka yi tsit, ya cafe ƙwallo. Na ce kafaɗar wa? Ya ɗan yi tari ya ce ta Bahago. Madam ta ce ai a wannan wasan ne, an riga an kaɗa ƙararrawar tashi, saura bugu ɗaya, Bahago ya tsaya daga nesa ya buga, ƙwallo ta wuce saman yatsun wanda ya tsaya gabansa da hannu a sama, ta shige tsakiyar sanduna. Na ce yatsun wa? Ta ce na Dogo.

Na dubi Dattijo na ce, "Baba, in Bahago ba kowa ba ne, me ya sa gidanku suka riƙe labarin taka kafaɗarsa har yau? Babana yakan ce wanda ya ka da rago bai yi kokawa ba." Na juya wajen Madam na ce, "Ke kuma, da wani gajere ne ya tsaya a gaban kakanki, da wa zai tuna bugun? A garinmu makaɗin ɗan kokawa da sunan wanda aka kayar yake yi wa gwaninsa kirari. Duk wanda ya rage tsawon wancan a cikinku, nasa ya rage."

Suka dubi juna. Can Dattijo ya ce to ya ji, amma har yanzu suna ɗaya ne a tsakiya, na wa za a kira yaro da shi? A nan dariya ta ƙwace min. Na ce ai duk wahalar banza suke yi. A wurinmu yaron da ya ci sunan babba ba a kiran sunan, kunya ce. Ga Alhaji nan, tun da aka kai ni gidansa ban taɓa furta sunansa ba, 'yata ma ba za ta tsaya tana ƙwala wa ɗanta kira da sunan ubanta ba. Abba za mu ce masa. Sunan Alhaji da ke gaba ma ɓoye shi za a yi, balle na tsakiya. A jera su duka biyun a baya, su yi ta kokawarsu a can.

Madam ta buɗe baki ta dubi Alhaji, ta ce wato shi ya ci gasar amma ba mai faɗin sunansa? Alhaji ya ce haka girma yake a wurinmu. Dattijo ya fashe da dariyar nan tasa har maƙwabciyata ta ƙasa ta buga silin da tsintsiya. Suka ɗan taɓa musu a kan wanne zai riga wanne, Alhaji ya ce wanda ya riga zuwa duniya, aka duba Dogo ne. Madam ta ce ba komai, ai ko a fili Bahago ne ya yi bugun ƙarshe.

Ranar suna Dattijo ya sha babbar rigar Alhaji da ta tsaya masa a gwiwa, Madam ta sha leshi da ɗauri. Aka sa wa Abba rigar shuɗi da fari da safe, baƙi da ja da yamma, ya yi tumbuɗi a kan kowacce ba son kai. Surukina kuwa har yau in ya ce min to, sai na tambaye shi mutum nawa ya faɗa wa hakan.

Abba ya shiga makaranta yanzu. Kakanninsa sun aiko masa da ƙwallon gwandar nan har biyu, suna ƙarƙashin gado, shi ƙwallon kwando ya sa a gaba kamar sauran yaran Karolina. Bara Dattijo ya rasu. Kwanaki ina gidan 'yata Madam ta kira ta bidiyo, na ji tana ba Abba labarin yadda Dogo yake tashi sama, har tana ɗaga hannu tana gwada masa. Na leƙa na ce, Madam, sauya sheƙa kika yi? Ta yi murmushi ta ce, "Dole wani ya riƙe masa gefensa. In ba haka ba, da wa zan yi musu?"

Abin da satin nan ya koya min ke nan. Ba ka ɗaga gwaninka ta hanyar taka abokin karawarsa, don tare tarihi ya ɗaure su. Wani musun kuma da kake gani tsakanin mutum biyu, kada ka yi gaggawar kashe shi, wataƙila shi ne hirar da ta riƙe su. Da na ba ɗaya gaskiya ranar nan, da na raba Madam da abin da ya rage mata na mijinta.