Allon da Ke Bayan Tayoyi

Kowa a layin nan Mai Faci yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Rumfarsa tana jingine da katangar asibitin ido, daidai inda titi ya ɗan yi faɗi kafin kwana. Langa-langa ce a kan sanduna, da benci wanda bulo ya maye gurbin ƙafarsa ɗaya, da bahon baƙin ruwa da yake tsoma tiyub don ya ga inda iska ke fita, sai tsohon injin buga iska da ba ya tashi sai an lallashe shi. Yana saurayi ya zo wurin da famfon hannu, a nan kuma furfura ta same shi. Da rumfar nan ya yi aure, da ita ya yi jinyar mahaifiyarsa, ita ce ke riƙe da autarsa a makaranta. Ba shi da yawan magana. Idan an kawo masa taya yakan kara kunne ya saurara kafin ya taɓa ta, yana cewa taya ma tana faɗin inda ke mata ciwo.

Shekarar da aka ba da umarnin kwashe rumfunan bakin titi, mai wanki ya tafi, mai gyaran takalmi ya bi shi, tasa kaɗai ta tsira. Ba don ya fi su addu'a ba. Sajan ne, ɗan sandan da ke kula da motocin layin, ya zo ya zauna a bencinsa ya ɗora hula a gwiwa.

"Injiniya, kana son ci gaba da zama a nan?"

"Ranka ya daɗe, ina zan je?"

"To madalla. Ka rufa mini, in rufa maka."

Sharaɗi biyu ya gindaya. A gefen rumfar akwai allon hana tsayawar mota, gajere ne, wata babbar mota ta taɓa bugunsa ya rusuna. Sajan ya ce nan ne ya fi dacewa da tara tsofaffin tayoyi. Aka tara su har suka shanye allon, ko tsininsa ba a gani. Na biyun gwangwani ne. Duk baƙon da ya ga fili ya ajiye mota ya shiga asibiti, sai Sajan ya zagaya da ɗan mabuɗinsa ya kwance ƙwayar bawul, ɗan ƙarfen nan da ke tare iska a bakin taya, motar ta durƙusa. Ƙwayoyin sai ya zuba su a wani gwangwanin madara da ke ƙarƙashin benci. Mai mota ya fito, a ja shi bayan rumfa. Tara ce, in ji Sajan, amma tarar ba ta da rasit. Idan an daidaita sai ya taɓa bakin hularsa, a sannan ne Mai Faci zai mayar da ƙwayoyin ya buga iska, a ba shi ladan aikinsa.

Bai taɓa sace iskar kowa da hannunsa ba. Abin da yake gaya wa kansa ke nan, shi kuma yake gaya wa matarsa.

"Ni mayarwa nake yi, ba ni ke cirewa ba."

"Haka ne, Malam," ta ce tana ninke kaya. "Ɓarawo ya shiga ciki, kai takalmansa kawai kake tsarewa a ƙofa."

"To in bari mu ci me? Katanga?"

Sai ta ci gaba da ninke kayanta, don ita ma ta san daga inda tukunyarta ke tafasa.

Ya samar wa kansa wata dabara. Da ya ga mota tana rage gudu za ta tsaya, sai ya fizgi igiyar injin. Ƙarar takan cika rumfar, ko an tambaye shi ba zai ji ba, wanda bai ji ba kuwa ba a ce ya yi ƙarya.

Wata rana, hantsi ya dubi ludayi, wata ƙaramar mota mai ruwan toka ta tsaya. Ya fizgi igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake, ko tarin ma bai yi ba. Wata mata ta fito, da ganinta daga wurin aiki ta yi satar fita, tana duba agogo. Ta dubi sama da ƙasa, ta dubi katanga, sannan ta dube shi.

"Sannu da aiki, Baba. Ana tsayawa a nan?"

Ya ji ta sarai. Ya sunkuyar da kai cikin baho yana juya wani tiyub da ya riga ya gama da shi. Ta ɗan jira, ta ɗauki shirunsa a matsayin izini, ta kulle motar ta shiga asibiti da sauri. Ko ƙofar ba ta gama shigewa ba Sajan ya ɓullo daga inuwar kanti. Mai Faci ya ji hucin iskar taya bayan taya, sannan ya ji ƙwayoyin sun faɗa gwangwani.

Rana ta take tsaka lokacin da ta fito. Ba ita kaɗai ba ce. Wani dattijo dogo yana dafe da kafaɗarta, idanunsa duka biyu a naɗe da farin bandeji, yana ɗaga ƙafa a hankali kamar mai taka ƙwai. Da ta ga motar sai ta tsaya cak, har dattijon ya yi karo da ita.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Abba, an sace mana tayoyi. Duka."

"Ba sacewa aka yi ba, Hajiya, doka ce ta yi aikinta," in ji Sajan, yana tahowa da murmushi. "Kin tsaya inda aka hana. Zo mu yi magana daga gefe."

"A nan za mu yi ta. Yallaɓai, yanzu aka yi wa mahaifina aikin ido. Likita ya ce kada ya sha rana, a kai shi gida ya kwanta. Idan na yi laifi ka rubuta mini, in je ofis in biya. Amma ka nuna mini inda aka ce kada a tsaya."

"Ofis? Sai janwe ya zo ya ja motar, ki bi ta can. Yau kuwa mai sa hannu ba ya nan."

"Ka nuna mini allon."

"Allo yana nan. Don ba ki gan shi ba, ba matsalar hukuma ba ce."

"Ɗan nan, ka yi haƙuri da ita," in ji dattijon. "Ni ma nan da nake ban gan shi ba."

Mutanen da suka fara taruwa suka kwashe da dariya. Murmushin Sajan ya ɗauke. Matar ta zaro waya daga jaka, kafin ta ɗaga ya kai hannu ya warce makullan motar daga ɗaya hannunta, ya jefa su aljihu.

"Ki ɗauka mana. Ki ɗauka da kyau. Hana jami'i aiki wani laifin ne daban."

 Mai Faci yana tsugune, bai ɗago ba, amma ta gefen ido yana kallon dattijon. Zufa tana gangarowa daga goshinsa tana shiga bandejin, gefen hagu ya fara jiƙewa da wani ruwa mai ratsin ja. Mutumin ya yi tangaɗi, 'yar ta tare shi.

"A zaunar da shi a inuwa mana," in ji wani daga cikin taron.

Mai Faci ya tashi ya share bencin da hannun riga. Ya kama hannun dattijon, hannu mai sanyi, ya zaunar da shi. Da mutumin ya ja ƙafafunsa baya, sai dunduniyarsa ta bugi gwangwanin, ƙwayoyin suka yi ƙara.

"Af, na zubar maka da kaya?"

"A'a, Baba. Ba komai."

"Kai ne mai wurin?"

"Ni ne."

"Ka daɗe a nan?"

"Na daɗe."

Dattijon ya juyo da fuskarsa wajen muryar. Bai saki hannun ba.

"To, mai sana'a, ni an rufe mini idanuna, kai naka a buɗe suke. Yarinyar nan ni na koya mata tuƙi, ban koya mata taka doka ba. Idan ta taka, ka faɗa, ni da kaina zan ba wa ɗan sandan haƙuri. Tsakaninka da Allah, akwai allo ko babu?"

Mai Faci ya ɗago kai. Ya dubi matar, ya ga ta gane shi, ta tuna tambayar da ta yi masa ɗazu, amma ba ta tona shi ba. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya dubi Sajan. Sajan ya ɗora hannu a kan sandar da ke riƙe da rufin rumfar, ya ɗan girgiza ta, langa-langar ta yi kuka.

"Injiniya," ya ce a hankali, "rumfa ba ta da saiwa fa."

Mai Faci ya san haka. Ya tuna ranar da aka loda kayan mai gyaran takalmi a mota, mutumin yana bin ta a guje da guduma a hannu. Ya tuna autarsa da rigar makarantarta da ta yi mata kaɗan. Idan ya ce akwai allo, gaskiya ya faɗa, kuma ya zalunci matar. Idan ya yi shiru, dattijon zai ci gaba da zama a nan har ruwan nan mai ja ya gama cin bandejin.

Ya zare hannunsa daga na dattijon. Ya taka zuwa tulin tayoyin, ya sa kafaɗa ya ture. Suka ruguje, wata ta gangara tsakiyar titi har wani mai babur ya kauce yana zagi. Allon ya bayyana, a rusune, ya sha tsatsa, yanar gizo-gizo ta rufe rabinsa.

"Akwai, Baba," ya ce. "A bayan kayana yake. Ba wanda zai gan shi."

"La ila!" in ji wata mata. "Ashe tarko ne! Wancan watan ma haka aka yi wa mijina."

Mai Faci bai tsaya saurare ba. Ya janyo gwangwanin, ya tsuguna gaban tayar farko ya ɗaura ƙwayarta. Ba wanda ya taɓa bakin hula. Inuwar Sajan ta faɗo a kansa, takalmin mutumin yana dab da yatsunsa, yana jiran duka a ƙeya amma bai ɗago ba. Ya gama da tayoyin duka, ya je ya fizgi igiyar injin. Shiru. Ya sake fizga har kafaɗarsa ta amsa. Injin ya ƙi.

Sajan ya yi dariya. "Ka gani? Ko injinka ya fi ka hankali."

Sai Mai Faci ya shiga can ƙuryar rumfa ya zaro famfon hannun da ya zo da shi yana saurayi. Ya kafa shi, ya taka, ya fara dannawa. Ƙarfin ba irin na da ba ne. Kafin tayar farko ta ɗago, numfashinsa ya fara sarƙewa, idonsa yana ganin duhu-duhu.

"Kawo, Kawu, kada mu kai biyu asibiti," in ji mai babur ɗin nan da ya yi zagi, ya karɓe famfon. Da ya gaji wani ya karɓa, sannan wani. Motar ta riƙa miƙewa ƙafa bayan ƙafa. Da Sajan ya waiwaya sai ya ga ba wayar matar kaɗai ce a ɗage ba. Ya tsaya jim, ya zaro makullan ya wurga su kan motar.

"Don tsohon nan na bar ki," ya ce. Sannan ya sunkuyo daidai kunnen Mai Faci. "Kai kuma, sai da safe."

Matar ta miƙo wa Mai Faci kuɗin aikinsa, ya girgiza kai. Dattijon ya laluba ya dafa kansa, ya ce Allah ya tsare masa idanunsa. Motar ta sha kwana ta ɓace.

Sajan bai saɓa alkawari ba. Da safe masu rusau suka zo, langa-langar ta tafi a motarsu, injin da baho suka dawo gida a baro. Matarsa ta tsaya a ƙofa tana kallo. Ba ta ce ta gaya masa ba, ba ta kuma ce ya kyauta ba. Ta dai kwashe igiyar shanyarta daga gefen ƙofar don ya sami inda zai kafa benci.

Lungunsu mota ba ta shiga. Yanzu kekunan yara yake yi wa faci, da tayar baro, wani lokaci ƙwallo. Tukunyar gidan ta rage nauyi, autar tana nan da rigarta da ta yi mata kaɗan.

Kwanan baya ya bi ta gaban asibitin zai sayo gam na faci. An kafa sabuwar rumfa a gurbin tasa, wani mai facin yana zaune a ciki, tayoyi kuma sun koma inda suke, har sun fi na da tsawo. Yana cikin kallo wata mota ta rage gudu, sabon mai facin ya kai hannu ga igiyar injinsa. Mai Faci ya waiga hagu da dama. Ya matsa ya ƙwanƙwasa gilashin.

"Ɗan'uwa, akwai allo a bayan tayoyin nan. Ka ƙara gaba."

Bai jira godiya ba. Ya tsallaka titi da sauri, kansa a ƙasa.