Ruwan Ɗaurayar Farko

Shekara ashirin da biyu Inna Mai Kwalba ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwajin ruwan sha. Doka ɗaya ta riƙe hannu bibbiyu: ruwan ɗaurayar farko guba ne, ba a sakinsa a magudana. A shuɗin duro ake juye shi, mota ta kai shi inda ake kashe dafinsa. A kan wannan ta yi ta cacar baki da masu digiri, asid kuwa ya cinye mata zanen yatsu tas.

Ranar da ta yi ritaya, manaja ya miƙa mata takardar yabo, ya ce direban motar duro ya rage mata hanya. Suna kaiwa gadar bayan unguwarsu, direban ya tsaya ya kwance murfi, ya tuntsurar da duron.

"Ɗan nan, me zan gani haka?"

"Haba Inna, ai tun kafin a ɗauke ni aiki nan ake zubarwa."

Ta leƙa ƙasa. Rafin da jikokinta ke wanka ne. Ashe duk shekarun nan su take tara wa, ba ta bari ko ɗigo ya salwanta ba.