Littattafan Ilyasu suna wurina

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Ilyasu a birnin Lyon na ƙasar Faransa, kuma har yau ban yarda da duk wanda ya tambaye ni littattafansa ba.

Ilyasu ɗan Damagaram ne, amma rabin ransa yana dazuzzukan Kamaru, wurin manyan biran nan marasa wutsiya da ake kira shimfanze. Yakan yi wata uku yana bin sawunsu, yana rubuta bishiyar da suke kwana da rafin da suke sha. Bai taɓa nuna wa kowa ba. Yakan ce duk inda baƙo mai kyamara ya taka, mafarauci na biye da shi.

Ranar sadakar bakwai wani ɗan kasuwa ya zo daga unguwar Belleville ta Paris, yana kuka har ya fi mu 'yan uwa. Da aka shafa fatiha sai ya matso ya ce, "Hajiya, takardun Malam fa? Kar su lalace." In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Daga baya na ji ashe yawon buɗe ido yake kai Turawa daji. Na sa littattafan a akwati na kulle.

Yau ko'ina ka duba tallar zuwa kallon birai ce. Da Ilyasu na nan, na san tsaki zai ja ya tambayi wa ya nuna musu hanya.

Bana 'yarsa Rakiya, da ke karatun dabbobi a jami'ar da ya yi aiki, ta zo har ɗakina a Saint-Denis, kusa da Paris. Ta ce, "Gwaggo, ina son in ga rubutun Baba." Kafin in yi tunani bakina ya riga ni: "Wa ya aiko ki?" Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ɗauki jakarta. Wallahi na ji kunya, amma ban buɗe akwatin ba, don ban san hannun da za su faɗa bayan nata ba.

Abin da ya rage na Ilyasu ke nan: wasu birai da nake fatan suna nan lafiya, da wannan zargin da na gada ya fi ƙarfina. Allah ya jiƙansa. Jiya na kira Rakiya sau biyu, ba ta ɗauka ba.