Dodon Dalma Da Ya Ci Idon Aminina

Assalamu alaikum Edita. Ni magidanci ne yanzu har da furfura, amma abin da zan ba da labarinsa ya faru ne a ƙarshen shekarun tamanin, ina saurayi ɗan shekara ashirin da biyu. Daga wani ƙauye na ƙasar Kano na zo Kaduna, karatuna bai wuce firamare ba, na samu wani dattijo a Unguwar Kanawa ya ɗauke ni koyon zubin tukwanen dalma. Muna narka tsofaffin kwanuka da tarkacen injin mota, mu zuba a akwatin da aka danne da ƙasa, tukunya ta fito. Hannuna yana da kyau, kuma na san yana da kyau, wannan sanin ne ya kai ni ya baro.

Ina da wani amini a Abakpa, Bazazzagi, ɗan wani ma'aikacin gwamnati. Ya gama sakandare, ba shi da wani buri a duniya sai ya zama hafsan soja. Ko shayi zai sha sai ya ƙame ya sara wa mai shayin. Kasancewar ni Bakano shi Bazazzagi, tsiya ce gaisuwarmu: yana kirana Sarkin Maƙeran gwangwani, ni kuma ina ce masa Janar mai silifa. Wata rana ya zo rumfarmu da gudu riƙe da wata tsohuwar mujalla da yayansa ya dawo da ita daga kwas a ƙasar waje. A ciki ga hoton manyan mutane sun kewaye tebur, sun jera 'yan ƙananan mayaƙa da dodanni suna yaƙi da su. Ya ce in dai hannun nan nawa ba na ado ba ne, to in zuba masa irinsu.

Edita, ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Sai in ƙera ɗan mayaƙi da laka, tsawon ɗan yatsa, in busar, in danna shi cikin ƙasar zubi, in tsiyaya ragowar dalmar da ta saura a kasko. Idan ya huce in bi shi da magagari, mu shafe shi da guntun fentin da muke roƙa wurin masu gyaran jikin mota. Rundunata ta aljanun daji ce, suna kan kuraye, da maharba masu kan mujiya. Tasa ta mutanen ruwa ce, da kadoji masu sulke da wata sarauniya a kan dorina. Maigidana yana kallonmu ya girgiza kai, ya ce mu dai yi hankali kada a ce rumfarsa ta koma ta masu gumaka, amma ranar da kurata ta farko ta fito da haƙoranta cif-cif, shi ma sai da ya ɗauka ya jujjuya.

A zauren gidan su aminina akwai wani tsohon teburin tanis, shi ne filin dagarmu. Muka yi tuddai da yashi, kogi da shuɗiyar leda, itatuwa da soson wanka. Tafiyar mayaƙi mai tafiya a ƙasa tsawon tsinken tsintsiya ɗaya ce, ta wanda ya hau dabba kuwa biyu, ƙwayar lido kuma ita ke faɗin wanda ya sari wani. Ba a daɗe ba wasu samari huɗu suka shigo da nasu rundunonin, duk Lahadi bayan La'asar zauren ya cika da ihu da kirari. Duk mako ba na tunanin komai sai inda zan ɓoye maharbana da ta inda zan ƙetare kogi. Ina zuga wuta ina tsara yaƙi, har maigida ya daka mini tsawa.

Doka ɗaya muka kafa, kuma ni na kawo ta daga sana'armu. Kafin a fara, kowa zai zuba rundunarsa a kan sikelin mai shagon da ke maƙwabtaka da su, kada ta wuce kilo guda. In kana son ƙaton dodo wanda sara ɗaya ba ya kayar da shi, to sai ka rage ƙananan mayaƙa. A nan aminina ya fi ni. Ya iya zaɓe, ya iya haƙuri, sau bakwai a jere yana cin rundunata. Yakan kwashe kurayena ɗaya bayan ɗaya yana cewa Bakano ciniki ya sani, yaƙi kuwa sai Zage-zagi. Ana dariya ina dariya, amma abin yana cina.

Ana cikin haka sunansa ya fito, ya ci jarrabawar shiga makarantar hafsoshi, saura ganawa da gwajin lafiya nan da mako biyu. Murna a gidansu ba a magana. Aka sa Lahadi mai zuwa ta zama yaƙin ban kwana, ni kuwa na rantse ba zai tafi ban kayar da shi ba. Sai dabara ta zo mini: in zuba dodo mai kai uku, girman tafin hannu, amma cikinsa holoƙo. Kowa zai ɗauka ya cinye rabin kilona, alhali bai fi nauyin kuraye uku ba, sauran mayaƙan kuma in fito da su daga bayan tudu bayan an auna komai tare an ga bai wuce ba. Magudi ne, na sani, amma a lokacin har tsalle na yi don daɗi.

Kafin abu ya fito holoƙo sai an sa curin laka a tsakiyar akwatin, dalma ta zagaye shi. Abu na farko da maigida ya koya mini shi ne laka mai laima ba ta haɗuwa da narkakkiyar dalma, sai ta kwana uku a rana ko a gasa ta ƙarau a gefen wuta. Ranar Juma'a na yi curin, damina ce, rana ba ta fito ba. Ranar Asabar da hantsi maigida ya tafi kai tukwane Babbar Kasuwa. Na taɓa lakar na ji sanyinta a yatsana. Na san in na tsaya gasa ta zai dawo ya tarar da ni, don haka na rufe akwatin da ita a haka.

Ina cikin zuga wuta sai ga aminina ya zo leƙen asirin abokan gaba, kamar yadda ya faɗa. Na ce tunda ya zo, ya danne mini saman akwatin da hannu biyu kada ya ɗaga. Ya tambaye ni ko komai ya bushe, don zaman rumfarmu ya koya masa wannan. Na ce masa ƙarau. Ya sunkuya ya danne yana ce mini in yi sauri, Janar ba ya jira. Na ɗauko kasko da awartaki na tsiyaya. Ƙara ɗaya na ji kamar an fasa taya, dalmar ta yi tsiri ta dawo sama. Ni a damtse ta same ni. Shi a fuska.

A asibiti aka ce idon dama ya tafi. Ranar gwajin lafiyar yana kwance da bandeji, damar ta wuce shi. Da mahaifinsa ya tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce shi ya kai kansa ya leƙa ba a sa shi ba. Ina tsaye a bakin gadon, na ji, na bar zancen ya tafi a haka. Maigida kuwa da ya dawo ya tsinci ɓarin lakar a ƙasa, ya murza a yatsunsa, ya dube ni ya ce ɗana, mutum yana ƙarya amma laka ba ta yi. Bai kore ni ba, sai dai bai sake barina da wuta ni kaɗai ba har na bar hannunsa.

Tun da aka sallame shi, shekara tara na yi ina kauce wa layinsu. Shi ya zama malamin firamare. Wata rana na kasa jurewa, na same shi a wannan zauren na faɗa masa komai, da holoƙon, da lakar, da ƙaryar da na yi masa. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce tun ranar ya sani, don dalma ba ta fashewa a busasshen akwati, kuma ya yafe tun yana asibiti. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne da ido ɗaya ya riƙa duban hanya ko zan zo, ban zo ba. Ya shiga ciki ya fito da wani tsohon gwangwanin madara, ya zazzage mini kurayena guda shida da ya cinye a yaƙinmu na ƙarshe, ya ce fursunoni sun gaji da jiran sarkinsu.

Wasan ba shi ne laifi ba, har gobe ina kewar wannan teburin. Laifin nawa ne, da na fi son a ce na ci fiye da lafiyar wanda ya amince da ni. Masu sana'ar hannu, dokar da maigida ya koya muku da jinin wani aka rubuta ta, kada ku tsallake don sauri. In wani ya tambaye ku ko abu lafiya yake, ku faɗi abin da yatsanku ya ji. In kuma kun riga kun cuci mutum, ku je gare shi tun da wuri. Kurayen nan shida suna cikin akwatin kayan aikina, duk ranar da zan kunna wuta sai na gan su. Allah ya yafe mana.