Ranar da Muka Cika Masussuka

Injin niƙan maƙwabcinmu a Tudun Ƙofa, in mai ya kusa ƙare masa, yakan yi tari kafin ya mutu. Duk sanda na ji tarin nan sai in ajiye abin da ke hannuna. Zauna ka ji dalili.

Ina yarinya lokacin da aka fara sare daji za a gina Abuja. A shekarun nan wani ƙaramin jirgi mai saukar ungulu yakan ratsa ta kan gonarmu a bayan Keffi. An ce na wani ɗan kwangila ne mai duba duwatsu. Ba mu san shi ba, amma mun ɗauke shi baƙo, kuma baƙo ba ya wucewa ba a gaishe shi ba. Haka kakana ya hore mu. Da an jiyo shi, yara da mata sai mu sheƙa masussukar kakana, fili ɗaya tilo da ba itace, mu yi ta ɗaga hannu.

Ranar da nake ba ka labari da kaka ne, ana sussukar dawa. Jirgin ya zo ƙasa-ƙasa yana tari, yana tangaɗi, ya nufo masussuka. Muka ce yau zai amsa gaisuwa. Mata suka saki guɗa. Har masu goyo suka shigo fili, ƙaiƙayi na tashi yana shiga idanunmu, mu kuwa dariya muke.

Maƙwabcin gonarmu, wani dattijo ɗan ƙabilar Mada da ya taɓa aikin soja, ya taho a guje yana kaɗa hula.

"Ku watse! Sauka yake nema, ku watse!"

Kakana ya ɗaga murya ya ce, "Kai ma gaisuwar ka zo, sarkin yaƙi?"

Ni na ga fuskar matuƙin. Ya dube mu, ya karkata jirgin, ya bar filin. Cikin itatuwan ɗorawa ya faɗa. Su biyu ne a ciki, ba wanda ya fita da rai.

Daga baya masu bincike suka zo da motoci. Wani ya ce an haɗa masa mai da ruwa. Wani ya ce wani ƙarfe ne ya gaji ba a sauya shi ba. A kasuwa aka ce kaya suka yi masa yawa, aka ce tsuntsu ya buge. Kakana ya bi ɗaya daga cikin masu binciken har bakin mota.

"Ranka ya daɗe, ba abin da ya lalace nake tambaya ba. Da ya samu fili, da ya sauka lafiya?"

Mutumin ya ce, "Baba, sai Allah."

Da wannan amsar kakana ya zauna har ya rasu. Bai sake sussuka a wurin ba. In baƙo ya yi sallama, sai ya daɗe yana kallonsa kafin ya amsa.

Yanzu ma'aikatan Abuja sun gine wajen kaf, gida na jingine da gida, ko kaza ba ta da inda za ta dira. Jikana ya duba mini a wayarsa, ya ce ba a rubuta komai ba, ko sunan matuƙin babu. Mutumin da ya zaɓi itace ya bar mu, ba wanda ya san shi. Cikin waɗanda suka ɗaga masa hannu ranar, ni kaɗai na rage.