Ranar da Na Bar Yayata a Cikin Kwari

Ni mai gyaran keke ne a unguwar Ka'akiyya a Makka, shekara ashirin da wani abu. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ban taɓa ce wa kowa ni jagora ne ba. Da aka ce mata za su iya hawa keke a wajen shaƙatawa in da muharrami, 'yata ta hana ni sakat sai da na yarda. Su shida suka taru: ita, ƙawayenta uku 'yan unguwar Utaibiyya, ƙanwar matata, sai babbar yayata, wadda rabonta da keke tun muna yara a Kano.

Na ari ƙaramar bas, na ɗaure kekuna a sama, muka fita bayan gari inda wani busasshen kwari ya ratsa duwatsu. Na ce kowacce ta tattare bakin abayarta.

Yaya ta ce, "Ni na goya ka, yau kai za ka koya min ɗaura zane?"

Na shiga gaba. Huɗu a cikinsu ba muharramaina ba ne, kuma namiji ba ya bin bayan matan mutane yana kallonsu suna taka keke. Haka aka rene ni. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya.

Ashe 'yan matan nan sun iya. Suna biye da ni taya da taya, ɗaya tana kirana kawu da Larabci, tana cewa, "Yalla ya Ammi, ko jaki ya fi ka sauri." Ni kuma da girman kai na ƙara wuta.

Sai iska ta sauya, na ji ƙanshin ƙasa. Can saman dutse hadari ya yi baƙi ƙirin. Wanda ya zauna a Makka ya san wannan: ruwa zai zuba can nesa, ko ɗigo bai taɓa ka ba, sai dai ka ga ambaliya ta biyo kwari da duwatsu a cikinta. Na taka burki, na juya. Su biyar na gani.

"Ina gwaggonki?"

'Yata ta ce, "Baba, na ɗauka ka san ta tsaya."

Na ce su jefar da kekunan su hau tudu, kar wadda ta sauko ko me ta gani. Na koma. Ƙafata tana zamewa daga feda, kowace kwana na sha sai na ga yashi fayau. Abin da ke kaina ɗaya ne, da wane baki zan gaya wa 'ya'yanta.

A kwana ta huɗu na same ta zaune a tsakiyar kwarin, keke a kwance kan ƙafarta. Abayar ta naɗe a sarƙa har cikin gargaren baya, ta ɗaure ta tamau.

Ta ce, "Sau biyu na kira ka. Ba zan zauna a daji ina ihu kamar mahaukaciya ba."

Na ja abayar, ta ƙi fita. Sannan na fara jin ƙugi daga sama, kamar tifa tana juye tsakuwa. Na zaro wuƙar da nake yankan tif ɗin taya da ita.

"Kar ka yanka min, sabuwa ce."

Na yanka har gwiwa. Gwiwar ta kumbura, ba ta taka ƙasa. Na saɓa ta a baya, mace mai jiki, na hau gangare da rarrafe, duwatsu suna tsaga min tafin hannu. Ba mu kai rabi ba ruwan ya iso, ja kamar kunun kanwa. Ya ɗauki kekenta da nawa, ban ƙara ganinsu ba.

Ta kan tudu muka lallaɓa har wajen sauran, daga nan zuwa mota. Na zauna, na kasa zura makulli. A lokacin mata ba sa tuƙi, dole suka zauna suna jirana. Yaya tana baya, ta rufe ƙafafunta da gyalen 'yata, tana numfashi ina ji. Sai da na saurari numfashin nan na kusan rabin awa kafin na iya tayar da motar.